Igiyar da Jirgin Zaidu Ya Yanke

Masu karatu, yau ba ni da doguwar gaisuwa, ku yi haƙuri. Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna tambayar kalar ankon biki, ku dakata tukuna ku ji abin da ya faru a tungarmu wannan makon, sannan ku faɗa mini da bakinku ko akwai bikin.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Yasira, 'yar fari a gidan Malam Musa masunci, a wata tunga da ke bakin ruwan Kainji cikin ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara. Saurayina Zaidu ɗan wani Alhaji ne na Yelwa, wanda motocinsa suke zuwa duk Litinin su kwashe bandar kifin tungarmu kaf. In motocin nan ba su zo ba, babu gidan da zai ɗora tukunya da daɗin rai a garinmu, tun daga gidan liman har gidan fasto. Shi ya sa tun da Zaidu ya fara ajiye motarsa a ƙofar gidanmu, matan da a da ko gaisuwata ba sa amsawa da kyau suka koma kirana "amaryarmu". Ranar Asabar ɗin nan aka tsayar magabatansa za su kawo kayan sa rana.

Kuma ina son sa, kada wani ya ce dole aka yi mini. Dogo ne, wankan tarwaɗa, in ya fita daga zaure sai turarensa ya wuni a wurin. Ya iya ba ni dariya har cikina ya ƙulle. Na san yana da hali, ban makance ba. Tun da ya dawo daga karatu a Kaduna ya yar da harshen gida, yana kiran tungarmu "ƙauyenku", kuma bai taɓa durƙusawa ya gaida Baba ba, sai dai ya miƙa masa hannu kamar abokinsa. Duk na ɗauka yarinta ce, aure zai gyara.

Bara Alhaji ya saya masa jirgin ruwa mai inji, fari ƙal, da kujeru masu laushi da sifika. Jirgin nan bai taɓa ɗaukar kifi ko mai naƙuda ba. Aikinsa ɗaya, ya kwashi Zaidu da abokansa su zaga ruwa suna shan lemo. A cikinsa Zaidu ya shirya za mu ɗauki hotunan kafin aure ranar Alhamis. Ya aiko mini da leshi ruwan zuma mai duwatsu, gyale mahaɗinsa, jaka da takalmi mai tsini. Shi kuma ya ɗinka shadda kalar leshin. Ni da ƙanwata Mufida mun shimfiɗa kayan a gadon Inna mun fi sau nawa muna shafawa, an zizara mini lalle har gwiwar hannu.

Ranar Laraba da la'asar iska ta taso daga yamma. Andrew, wan ƙawata Christiana, ya je duba tarunsa shi da wasu mutum biyu, iskar ta kife kwalekwalensu. Biyun suka fito da iyo. Andrew bai fito ba.

Christiana ba ƙawar hanya ba ce. Benci ɗaya muka zauna tun firamare, tare muka yi ta taka sayyada zuwa sakandare. Tuwon sallarmu a gidansu ake fara kai shi, shinkafar Kirsimetinsu kuma ni ke kankare ƙanzon tukunyar. Tun da babansu ya rasu Andrew ne ke shiga ruwa, mamarsu, Mama Asabe, tana banda, da haka suke ciyar da ƙananan yara uku da ke bayan Christiana.

A tungarmu akwai abin da muka tashi muka tarar. In ruwa ya ci mutum, ba a jefa tarun birgi, ba a hura wutar banda, ba a kunna rediyo, ba a tada inji don wasa, sai ruwa ya dawo da shi an binne. Ba a tambayar masallaci yake zuwa ko coci ko kuwa na gargajiya ne. Duk mai kwalekwale sai ya fita nema. Kafin magariba Baba ya sauko da mamarinsa daga jikin bango. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi jere a jikinta. Kwalekwale biyu ke riƙe bakunanta, suna ja a hankali ta ƙasan ruwa, ko Allah zai sa ƙugiya ta kama rigar wanda ake nema.

Amma ku tambaye ni su wa suka fita. Tsofaffi! Baba da furfurarsa, Baba Dogo maƙwabcinmu mai ciwon baya, da ire-irensu masu tari. Samarin tungarmu kuwa suna gindin mangwaro kowa ya duƙa a kan waya. Ɗan masunci jikan masunci, bai iya riƙe filafilin tuƙa kwalekwale ba, amma ka tambaye shi 'yan ƙwallon Turai sai ya jero maka su har da ƙasashensu. Wallahi na ji ɗaya yana cewa shi ba zai shiga ruwa ba don bai daɗe da yin aski ba. Tsarana ne waɗannan, da su muka yi makaranta, kuma kunyarsu ta kama ni.

Bayan sallar magariba na rubuta wa Zaidu.

"Yaya Zaidu, an yi mana rashi. Ruwa ya ci Andrew, wan Christiana. Don Allah a ɗaga hoton gobe."

"Ayya, Allah ya kyauta. Wane ne Andrew?"

"Wanda ya tura maka mota ranar da ta kafe a yashi."

"Oho. To Bebi, mene ne haɗinsa da hotonmu?"

"Ba a wasa a ruwa a nan sai an ga gawa."

"In ji wa? Ruwan na gwamnati ne fa. Mai hoton nan daga Kaduna na ɗauko shi, yanzu haka yana otal a Yelwa. Kin san wahalar samunsa kuwa?"

"Ka bari ko zuwa wani sati."

"Ki shirya da hantsi. Kar ki manta gyalen."

Ya biyo da hoton zuciya ja. Na daɗe ina kallon zuciyar nan, na kife wayar.

Da safe ina wanke-wanke Inna ta tsaya a kaina. Ba ta kiran sunana saboda ni ce ta fari.

"Ke, tashi ki shirya. Yaron ga ya bugo ma Mufida, shina hanya."

"Inna, Andrew na cikin ruwa fa."

"Ni as sa shi ciki? Allah shi ba uwatai haƙuri, ni ma zuwa za ni yi in zauna da ita. Amma ki ji ni da kyau. Yaron ga ba irin waɗanda aka ɓata ma rai ba na. Ki tahi ki lallashe shi, ko hoto guda ku ɗauka can gehe, ku dawo. Kina son ubanai shi ji an wulaƙanta ɗanai tun ba a kai ko'ina ba?"

"Mutane za su gan ni."

"Mutanen ga da kika tsoro, su za su hwara tsine maki in motocin Alhaji sunka daina zuwa."

Na sa leshin ina jin sa a jikina kamar ƙaiƙayi. Na zumbula babban hijabi baƙi na rufe shi har ƙasa. Mufida kuwa, da ba da ita za a yi hoton ba, ta fi ni shiri: abaya mai sheƙi, gashin ido na kanti, jambaki, waya a hannu tun daga tsakar gida tana ɗaukar fuskarta.

Bakin ruwa cike yake, amma shiru. Mata sun shimfiɗa tabarmi a kan yashi, Musulmi da Kirista a cakuɗe. Mama Asabe tana can gaba da kowa, zaune, ƙafafunta cikin ruwa, an ce tun asuba take wurin. Can nesa kwalekwalen tsofaffi suna tafiya a jere a hankali. Na je na durƙusa kusa da Christiana na kama hannunta. Ta dube ni da kumburarrun idanu, sannan ta sauke su ƙasa, inda takalmi mai tsini da bakin leshi suka leƙo daga ƙarƙashin hijabina. Ta zare hannunta a hankali ta gyara ɗankwali.

Kiɗa muka fara ji kafin mu ga motar. Zaidu ya fito cikin shaddarsa da baƙin tabarau, abokansa biyu da mai hoton suna biye, suka nufi rumfar Alhaji inda ake ɗaure jirgin. Na tashi da sauri na tare shi, takalmin yana nutsewa cikin yashi.

"Don girman Allah ka kashe kiɗan nan."

Ya yi wa abokinsa alama aka rage. "Bebi, wannan wane irin hijabi ne? Cire mu gani mana."

"Yaya Zaidu, abu ɗaya zan roƙe ka. Ka ba su Baba aron jirgin nan yau. Abin da za su wuni suna tuƙi, jirginka zai zaga shi kafin azahar. A duba bakin tsibiri, a duba cikin ciyawa."

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "Gawa? A jirgina? Kin san warin da zai kama kujerun nan?"

"Mutum ne fa. Uwarsa ga ta can."

"Akwai hukumar agaji, aikinsu ne, a kira su. Wannan ita ce matsalar mutanenmu, komai sai a ɗora wa mai abu."

Abokinsa Surajo, wani mai tsukakken wando, ya ce, "Kar ki damu, amarya, zan sa a shafina in yi kira ga gwamnati. Mabiyana suna da yawa."

Na ce, "To ni ba zan shiga ba."

Fuskar Zaidu ta canza. Ya matso ya rage murya. "A gaban abokaina za ki kunyata ni? Saboda wani da ba danginki ba, ba addininku ɗaya ba?"

"Ba zan shiga ba."

Sai ga muryar Mufida a bayana. "Yaya Zaidu, ni ku tahi da ni, kada kwalliyata ta tashi a banza."

Na cafko abayarta, ta fizge. Zaidu ya yi wani murmushi yana kallona, don in ji haushi, ya miƙa mata hannu ta haye. Aka tada inji. Matan da ke kan tabarmi duk suka waiwayo, ba jirgin suke kallo ba, ni suke kallo. Na cire takalman na riƙe a hannu, na koma can bayan kowa na zauna.

Da farko sun yi nesa, sun nufi wajen tsibiri, har na fara ajiyar zuciya. Rana ta ɗaga. Can sai wata tsohuwa ta miƙe tana nuni. Baba ne ya ɗaga filafilinsa sama a tsaye. A wurinmu ma'anar wannan ɗaya ce, igiya ta yi nauyi.

Kowa ya tashi. Liman da fasto suka matso bakin ruwa kafaɗa da kafaɗa. Mama Asabe ta miƙe, Christiana ta riƙe ta. Baba a kwalekwale ɗaya, Baba Dogo a ɗayan, suka fara tattaro igiyar kaɗan-kaɗan, domin ƙugiya tufa kawai take kamawa, in aka fizga sai ta yage. Babu mai tari a wurin. Ni kaina addu'a nake yi ban san me nake cewa ba.

Sai ƙarar inji.

Daga baya Mufida ta faɗa mini Surajo ne ya hango mutane sun miƙe, ya ce a matsa kusa ya samu bidiyo mai kyau. Muka ga farin jirgin ya yanko a guje, ruwa yana tashi gefe da gefe. Maza suka shiga ɗaga hannuwa suna ihu, "Ku koma! Ku koma! Akwai igiya!" Su kuwa sun ɗauka gaishe su ake yi. Da idona na ga ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta miƙe tana ɗago mana hannu tana dariya.

Tsakanin kwalekwalen biyu suka ratsa. Injin ya yi wata ƙara, ya yi tari, ya mutu. Baba ya faɗi da baya cikin kwalekwalensa. Igiyar ruwan da jirgin ya tayar ta kusa kifar da Baba Dogo. Da suka daidaita, kowannensu guntun igiya ne a hannunsa, sakwaf, babu nauyi. Waɗanda ke kusa sun ce har sun fara ganin duhun abin yana tasowa. Ya koma ƙasan ruwa.

Ba zan iya rubuta muku sautin da Mama Asabe ta yi ba. Ta nufi cikin ruwa da gudu, sai da mata suka taru suka danne ta.

Ku ji wani abin takaicin kuma. Igiya ta nannaɗe farfelar injin, jirgi ya tsaya cak, ruwa ya fara jan sa. Zaidu da abokansa, ƙarti, babu wanda ya iya tuƙi a cikinsu. Suka shiga kiran a taimaka. Tsofaffin nan dai, da hannuwansu masu jini, su suka ɗaura wa jirgin igiya suka jawo shi har gaɓa.

Na tsaya ina jiran kalma ɗaya daga bakin Zaidu. Wallahi da ya ce "ku yafe mini", da na nemo masa uzuri ko daga ina ne. Ya diro yana kaɗe shaddarsa ya ce, "Me ya sa ba ku sa alama ba? Ta yaya mutum zai san akwai igiya a wurin?"

Samarinmu na gindin mangwaro sun taso kam, amma ba don faɗa ba, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Wani dattijo, da na san yana da kwandunan banda a ɗaki suna jiran Litinin, har cewa ya yi, "Ba komi, ɗan Alhaji, ƙaddara ta." Zaidu ya wuce ta gabana bai dube ni ba, ya shiga mota.

A gida Inna ta shafa wa Baba man kaɗe a tafukan hannu, inda igiyar ta yanke shi, ta ɗaure da tsumma. Mufida tana rakuɓe a bakin ƙofa, gashin idonta ɗaya ya ɓalle.

"Baba, ni hwa ban sani ba. Ba wanda yat taɓa hwaɗa mani haka aka yi da ita."

Baba ya ɗago ya dube ta. "Ɗakin da anka haihe ki, igiyar ga tana rataye bisa kanki. Ba ki taɓa tambaya ba?"

"To ni ina ruwana da kayan kihi?"

Na zabura zan mare ta, Baba ya ce in bari. Ya jawo guntun mamarin da ya rage ya baje a tabarma, ya shiga ƙulla ƙugiyoyi da yatsun da ke fita daga cikin tsumma.

Inna ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa. Na ɗauka rarrashina za ta yi.

"Kin ga abin da taurin kanki yaj jawo? Da kin shiga jirgin ga, da kin hana shi matsawa. Hushi kin ka sa shi, shi as sa."

"Inna, ni ce mai laifin?"

"Ban ce ba. Amma Asabar na tahe, ki saki huskarki."

"Ni ba na jin zan iya aurensa."

Ta toshe mini baki da tafin hannunta, tana waige kamar bango zai kai labari Yelwa.

Da yamma saƙonsa ya shigo. Hoton farfelar injin ne, igiya da ƙugiyoyi sun cukuikuye ta. A ƙasa ya rubuta, "Dubi abin da mutanenku suka yi wa injina." Kafin in gama haɗiye wannan, wani ya shigo. "Na yafe miki abin ɗazu. Asabar tana nan." Shi ne ya yafe mini, jama'a. Na leƙa sitatus ɗin Mufida, ga bidiyon ta ɗora, ta sa masa waƙa mai taushi da hoton fuska mai hawaye. Ƙawayenta suna ta rubutu, wata ta ce Allah sarki, wata ta tambaye ta inda ta sayi abayar.

Ranar Juma'a tsofaffi suka koma da gajeren mamarin da Baba ya ƙulla. Babu komai. Baba Dogo ya ce tun da aka ɗaga shi daga inda ya kwanta, ruwa ya tafi da shi, sai dai a bi gaɓa a yi ta dubawa. Na dafa kunu na kai gidan su Christiana. Ta karɓa ta ajiye a ƙasa.

"Ki koma gida, Yasira. Gobe kuna da baƙi."

"Christiana, wallahi ban shiga ba. Kin gani da idonki."

"Na gani. Na kuma ga abin da kin ka sa ƙarƙashin hijabi."

Na fito ina kuka har gida, babu wanda ya tsayar da ni ya tambaye ni dalili.

Asabar da hantsi motoci suka tsaya a ƙofar gidanmu. Baffannin Zaidu ne cikin manyan riguna, ga huhun goro, katan-katan na alawa da akwati a bayan mota. Aka shimfiɗa musu darduma a zaure. Baba yana ruwa, sai da Inna ta aika aka kira shi. Ni ina ɗaki da atamfar zaman gida, ko hoda ban shafa ba.

Aka ɗaga labule. Na ɗauka Inna ce, sai na ga Mama Asabe. Ta rame cikin kwanakin nan har zanin jikinta ya yi mata yawa. Na zamo daga gado na durƙusa. Ta zauna a ƙasa kusa da ni ta kama hannuwana biyu.

"Ɗiyata, innarki ta hwaɗa mani abin da kin ka ce. Roƙonki niz zaka yi. Ki amsa masu."

"Mama! Ke da bakinki?"

"Ni da bakina."

"Shi fa ya yanke igiyar. Ko haƙuri bai ba ki ba."

"Na sani. Ina ganin huskar ɗan Alhajin ga duk sadda nir ruhe ido. Amma Andrew ya tahi, ƙin auren ga ba ya maido mani shi. Ina da ukku ƙanana. Kwandunana na nan cike, kihin da yak kamo da hannunai na ƙarshe. In Alhaji yai hushi, wa za ni kai ma su? Ke kina da uba. Su ba su da kowa sai wutar bandata."

Masu karatu, an taɓa roƙonku abin da ya sa kuka ji kun tsani duniya gaba ɗaya? Matar da ɗanta ke ƙarƙashin ruwa ce zaune a ƙasa a ɗakina, tana lallashina in auri wanda ya hana ta gawarsa. Shi kuwa yana can Yelwa, na tabbata ko tashi daga barci bai yi ba.

Muryar Baba ta kira ni daga tsakar gida. Na fito, Mama Asabe tana biye. Wandonsa jiƙe yake har gwiwa, bai canza ba, kuma da alama ba shi da niyya. Inna tana gefe tana murza hannuwa.

"Yasira, mutane na zaure. Ban ba su amsa ba, don ba ni za ni zauna da shi ba. Mi kin ka ce?"

Inna ta ce, "Malam, mi za ta ce? Ta amsa mana."

"Ba ke nit tambaya ba."

Na dubi tsumman da ke hannunsa, jini ya ɓullo ta ciki ya bushe.

"Baba, a ce musu su koma da kayansu tukuna. In an ga Andrew an binne shi, su dawo. Kuma Zaidu ya zo da kansa ya shiga kwalekwale a yi neman da shi, ya riƙe igiya kamar kowa. In ya yi haka, na amince."

Inna ta ɗora hannu a ka. Baba ya dube ni.

"Kin san abin da kika hwaɗi?"

"Na sani."

"To." Ya juya ya shiga zaure.

Muna tsaye muna jin muryoyi, da farko ƙasa-ƙasa, sannan wata ta ɗaga. Wayata ta yi ƙara a hannuna, ashe har an buga masa. "Ni zan ja igiyar gawa? Kin san ko ni wane ne kuwa?" Na fara rubuta amsa, sai na ga hotonsa ya ɓace daga saman wayar. Ya toshe ni.

A waje aka rufe bayan mota da ƙarfi. Ko goron ba a sauke ba. Muka ji motocin sun tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙararsu tana raguwa har ta ɓace. Inna ta zube a bakin murhu tana salati. Mufida ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko da akwatin suka tafi.

Na juya wajen Mama Asabe. Ban san me nake jira ba, wataƙila ta rungume ni, wataƙila ta ce Allah ya yi mini albarka. Ta dube ni ido cikin ido, babu hawaye ko ɗigo.

"Ruwa ya ci mani guda," ta ce. "Ke kuma kin tashi ki ci mani sauran."

Ta gyara zaninta ta fita, ta nufi bakin ruwa.

Yau Lahadi nake rubuta muku wannan. Har yanzu ba a ga Andrew ba. Tun safe babu macen da ta shigo gidanmu ko ɗibar wuta, kuma gobe ne Litinin.